Na'urar sanyin gaban tsohuwar motar gida ta ƙi sanyaya bayan an sauya gas daga R12 zuwa R134a

Mai_Motar_Gida ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin na'urar sanyaya mota, musamman waɗanda suka taɓa sauya tsohon gas na R12 zuwa R134a a babbar mota. Tawa irin motocin nan ne masu ɗakin kwana da kicin a ciki, ƙirar 1989, kuma injinta V8 ne mai lita 7.4 wanda ke ƙarƙashin murfi tsakanin kujerar direba da ta fasinja. Ina magana ne a kan na'urar gaban mota wadda inji ke juya kwamfaresarta da bel, domin wadda ke kan rufi tana aikinta lafiya lau.

Na'urar ta jima babu gas saboda yoyo a sil ɗin kwamfaresa. A garejin da na kai ta an gyara yoyon, an ɗaura sababbin bakunan cika gas na R134a, an zuba man esta (irin man kwamfaresa da ke tafiya da R134a), sannan aka juye mata gwangwani biyar masu giram 340 kowanne. Ba a canza diraya (kwalbar da ke shanye danshin da ke cikin gas) ba, ba a wanke tiyo ko ɗaya ba, kuma famfon zuƙe iska bai jima yana aiki ba aka cire shi. Da bakaniken ya ga har yanzu kumfa na wucewa ta ɗan gilashin da ke saman diraya, sai ya ƙara gwangwani na shida. Takardar da ke manne kusa da lagireto ta nuna cewa asalin abin da na'urar ke ɗauka kilo 1.8 ne na R12.

Yanzu idan mota tana gudu a babban titi, iskar da ke fitowa daga tagogin gaba, wato ƙofofin da na'urar ke huro iska ta cikinsu, tana sauka zuwa digiri 14 a ma'aunin Selsiyos, amma da zarar an tsaya ko an shiga cunkoso sai ta hau 21 ko fiye, wani lokaci kuma kwamfaresa ta katse da kanta ta sake kamawa. A ranar da zafin waje ya kai digiri 35, inji yana silo, gejin matsin gas ya nuna 55 psi (ma'aunin matsi) a ɓangaren ƙasa, wato inda kwamfaresa ke zuƙo gas, da 330 psi a ɓangaren sama, inda take tura shi. Bakaniken ya ce haka R134a yake, ba ya sanyi kamar R12, kuma idan ina son abin ya gyaru sai a canza kwamfaresa. Shin gas ne bai isa ba, ko kuwa da gaske kwamfaresar ce ta gaji?

Tsohon_Mai_Sanyi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, kada ka yarda a ƙara ko giram ɗaya na gas a wannan mota, kuma kada ka sayi kwamfaresa tukuna. Kwamfaresar da ta gaji ba ta iya tura matsi har ya kai 330. Alamar gajiyarta ita ce ɓangaren sama ya sauko, na ƙasa ya hau, allurai biyun su riƙa kusantar juna. Taka da sauran ƙarfinta, kuma katsewar da take yi mai yiwuwa makunnin kariya ne ke yanke mata wuta idan matsi ya wuce kima.

Mu fara da lissafin gwangwanayen nan. Shida sau 340 ya ba da giram 2,040. Ƙa'idar da ake bi wajen sauya gas ita ce a zuba R134a da ya kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin R12 da ke rubuce, domin ruwan R134a bai kai na R12 nauyi ba, saboda haka kilo ɗaya nasa ya fi cin wuri a cikin tsarin. Ga na'urar da ke ɗaukar kilo 1.8, abin da ya kamata a zuba yana tsakanin kilo 1.44 da 1.62. Ko da an cire ɗan abin da ke saura a gindin gwangwani da cikin tiyon geji, an zarce da giram ɗari uku ko huɗu aƙalla. Wannan rarar ba ta da wurin zuwa sai ta taru a ƙasan kwandensa (mai kama da lagireto a gaban mota, inda gas ke zubar da zafi) a matsayin ruwa, ta cinye layukan da ya kamata tururin gas ya bi ya zubar da zafinsa, sai matsin sama ya tashi.

Ɗan gilashin diraya shi ne ya yaudari bakaniken, kuma yana yaudarar mutane da yawa da suka koyi aiki a zamanin R12. A wancan lokaci, idan kumfa ta ɓace gilashi ya washe, an san an cika. Da R134a wannan ma'auni ba abin dogaro ba ne, balle a na'urar da tsohon mai ke nan a ciki ya gauraya da sabo, inda za ka ga abin da ke wucewa ya yi hazo-hazo kamar ruwan da aka ɗiga wa madara ko da cikar ta yi daidai. Wanda ya bi gilashin har ya washe kusan kullum sai ya wuce gona da iri.

Akwai kuma abin da 330 ɗin ke faɗa. A jadawalin matsi da zafi na R134a, 330 psi ya yi daidai da kusan digiri 75. Ma'ana gas ɗinka sai ya kai wannan zafi kafin ya koma ruwa, alhali iskar waje digiri 35 ce. Tazarar digiri 40 ta yi yawa ƙwarai, kuma abubuwa uku ne ke kawo ta: gas ya yi yawa, iska ta rage a cikin tsarin, ko kwandensa ba ta samun iskar da za ta kwashe zafin. Ina kyautata zaton dukkan ukun sun haɗu a motarka.

Gwaji biyu za ka yi waɗanda ba sa buƙatar a kwance komai. Na farko, ka bar motar ta kwana ba a tayar da inji ba, da safe ka ɗaura geji ka karanta matsin, ka kuma auna zafin iskar da ke kusa da kwandensa. Tsantsar R134a yana nuna kusan 82 psi a digiri 25, 88 a digiri 27, 97 a digiri 30. Wannan karatu ba ya faɗa maka yawan gas ɗin da ke ciki, amma idan ya ɗara jadawalin da psi goma ko fiye, to akwai iska ko wani gas daban a gauraye. Na biyu, ka tayar da inji, ka kunna na'urar, ka fesa ruwa a fuskar kwandensa kana kallon allurar ɓangaren sama da ma'aunin zafin da ka soka a tagar gaba. Ka dawo mana da abin da ka gani.

Direban_Dogon_Zango ya amsa:

Malam, ina da mota mai kama da taka, kuma ina goyon bayan abin da Baba Mai Sanyi ya faɗa. Abin da zan ƙara ya shafi yadda ake haɗa waɗannan motoci ne. Waɗanda aka gina a kan shasin Chevrolet P30 ko Ford F53 sukan fito daga masana'anta da inji da ƙafafu kawai, kamfanin da ya gina gidan shi ne ke ɗora akwatin ebaforeta (wadda ke sanyaya iskar da ke shiga cikin mota) da tiyo, sau da yawa har da kwandensa. Don haka littafin shasin ba lallai ne ya faɗa maka gaskiyar na'urarka ba, kuma ka yi sa'a da takardar nan ta kilo 1.8 tana nan.

Bambancin da kake gani tsakanin gudu da tsayuwa yana nuni kai tsaye ga iskar da ke ratsa kwandensa. A irin waɗannan motoci akwai fili mai faɗi tsakanin ragar gaba da kwandensa, da kuma tsakanin kwandensa da lagireto, kuma asali ana toshe gefunan da roba ko soso domin fanka ta jawo iska ta cikin kwandensa tilas. Bayan shekaru sama da talatin, robar nan ta bushe ta faɗi, sai fanka ta riƙa jawo iska ta gefe, wani lokaci ma iskar zafin inji ce ke zagayowa ta ƙasa ta sake shiga. Ka ɗauki takarda ka riƙe ta a gaban kwandensa inji yana silo. Idan ba ta manne da kanta a ko'ina a fuskar ba, to jan bai isa ba. Ka leƙa tsakanin kwandensa da lagireto da tocila, domin nan ne ganye da ƙura da ƙwari ke taruwa ba tare da an gansu daga waje ba.

Ka duba kulocin fankar inji shi ma. Irin mai ruwan silikon ne, kuma idan ya tsufa sai fanka ta riƙa juyawa a sake ko da inji ya yi zafi. Idan ka kashe inji yana da zafi ka ga fanka ta ci gaba da juyawa sau da yawa kafin ta tsaya, ko ka ga alamar mai a tsakiyar kulocin, to ya mutu. Da R12 ana iya tafiya da irin wannan rauni ba a lura ba, amma R134a yana aiki da matsin sama da ya fi na R12 idan an yi zafi, saboda haka duk wata kasawa ta iska sai ta fito fili.

Sai bawul ɗin hita. Idan ba ya rufewa ruf, ruwan zafin inji zai ci gaba da shiga akwatin gaba yana cinye sanyin da ebaforeta ta yi. Ka matse tiyon hita da makama mai laushi na ɗan lokaci ka ga ko zafin tagar zai sauka.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe shi ne cewa ko an gyara komai, na'urar gaban ba za ta sanyaya dukan gidan ba, don an yi ta ne saboda direba da na kusa da shi, ga ƙaton gilashin gaba, ga murfin inji yana fitar da zafi. Yawancinmu muna tayar da janareta mu kunna ta rufi idan rana ta yi tsanani. Ita ta rufin a motocin wancan zamani galibi R22 ce a rufe ruf, ba ta da wata alaƙa da wannan aiki, kada kowa ya taɓa ta.

Mai_Motar_Gida ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode ɗan'uwa Direba. Na yi gwaje-gwajen. Da safe zafin waje digiri 27 ne, geji kuma ya nuna 101 psi a ɓangarorin biyu. Da na fesa ruwa a kwandensa, allurar sama ta sauko daga 330 zuwa kusan 220 cikin ƙanƙanin lokaci, ta ƙasa ta koma 40, iskar tagar kuma ta sauka zuwa digiri 13, amma da ruwan ya bushe komai ya koma yadda yake. Takardar ta manne a tsakiyar kwandensa kawai, a gefuna faɗuwa take yi, kuma robar gefen hagu babu ita gaba ɗaya. Matse tiyon hita bai canza komai ba. Na kuma lura cewa ɗan kwan jin zafi na bawul ɗin feshi (bawul ɗin da ke sakin gas cikin ebaforeta) da ke ɗaure a bututun fita daga ebaforeta yana motsi idan na taɓa shi, kuma baƙin danƙon da ya rufe shi ya ɓantale. Me ya kamata a fara yi, kuma shin sai an canza kwandensa?

Injiniya_Kwandensa ya amsa:

Malam, sakamakon nan ya fayyace abubuwa da yawa. Karatun 101 a digiri 27 ya ɗara jadawalin da psi 13, wanda ke nufin abin da ke cikin na'urarka ba tsantsar R134a ba ne. Mafi kusa shi ne iska, tunda ka ce famfon bai jima ba, kuma iska ba ta komawa ruwa a kwandensa, tana zaune ne a sama tana ƙara matsi. Amma kafin a janye gas ɗin, ya dace a gwada shi da na'urar tantance gas idan garejin yana da ita, saboda ana sayar da gwangwanaye da ake tallatawa a matsayin madadin R12 alhali gaurayen furofen da butan ne masu kama wuta, wasu kuma suna ɗauke da maganin toshe yoyo wanda ke daskarewa idan ya haɗu da danshi ya toshe bawul. Ka nemi gwangwanayen da aka yi amfani da su ka karanta abin da ke rubuce a jikinsu.

Kwan da ka ce yana motsi ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne ke faɗa wa bawul ɗin feshi zafin gas ɗin da ke fita daga ebaforeta. Idan bai manne da bututu ba, ko babu abin da ya rufe shi, zafin iskar da ke kewaye yake ji, sai ya buɗe bawul fiye da yadda ya kamata, matsin ƙasa ya tashi, kuma ruwan gas na iya kaiwa ga kwamfaresa. Wannan na iya zama rabin dalilin 55 ɗin da ka gani. A goge bututun, a ɗaure kwan da kyau, a naɗe shi da sabon danƙo. Ni dai tunda za a buɗe tsarin, zan canza bawul ɗin da wanda aka yi don R134a, domin wanda ke ciki ya shekara fiye da talatin yana aiki kuma ya zauna da danshi lokacin da na'urar take babu gas.

Diraya kuwa ba zaɓi ba ne. Abin shan danshi da ke cikin na zamanin R12, wanda ake kira XH-5, bai dace da R134a ba, yana iya narkewa ya zama gari ya bi tsarin. Na R134a shi ne XH-7 ko XH-9. Ban da haka, dirayar da ta zauna a na'ura mai yoyo ta riga ta ƙoshi da danshi.

Batun mai shi ne ya fi damuna. Man ma'adinai na R12 ba ya tafiya tare da R134a, shi ya sa ake zuba esta ko PAG. An fi zaɓar esta wajen sauyawa saboda yana haƙuri da ragowar tsohon mai. Sai dai a motarka an zuba cikakken sabon mai a kan tsohon da ba a fitar ba, kuma a tsarin da tiyonsa ke da tsawo kamar wannan, tsohon man yana kwance a ƙasan ebaforeta da kwandensa yana rufe bangon bututu, yana rage musayar zafi. A kwance kwamfaresa a juye man da ke cikinta a kofin awo, a kuma dube shi da kyau: idan yana da tsabta, madalla, amma idan ya yi baƙi ko akwai ƙyallin ƙarfe a ciki, to lissafin ya canza. A wanke tiyo da ebaforeta da kwandensa da ruwan wankin da aka yi don wannan aiki, a busar da su sosai. Ba a wanke kwamfaresa, ko diraya, ko bawul.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ra'ayina shi ne a canza kwandensa yanzu. Tsohuwar irin mai bututu ɗaya ce da ke kai da komo, an auna ta ne da R12. Sabuwar mai siraran layuka da yawa a jere tana zubar da zafi fiye da ita a faɗi iri ɗaya, kuma tunda za a janye gas a buɗe tsarin, yin aikin sau ɗaya ya fi yin sa sau biyu.

Tsohon_Mai_Sanyi ya sake amsawa:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, kuma na yarda da shi a kan diraya da mai da bawul. A kan kwandensa ne kaɗai na ɗan saɓa masa. Gaskiya ne sabuwar ta fi tsohuwar, amma har yanzu ba mu ga abin da tsohuwar za ta iya ba, domin ba ta taɓa aiki da cikar da ta dace, babu iska a ciki, da fanka mai ja ba. Motocin nan sukan zo da kwandensa mai girma. Canza ta kuma yana nufin sababbin tiyo da maɗaurai, kuma girman cikinta ya bambanta, saboda haka adadin kilo 1.8 da ke hannunka ba zai ƙara zama madogara ba, sai an nemo cikar ta hanyar aune-aune. Idan kuɗi ba matsala ba ne kuma akwai wanda ya iya wannan aunen, a bi shawarar Injiniya. In ba haka ba, a fara da abin da aka tabbatar ya lalace.

Ga yadda zan bi aikin. A fara da waje, tun kafin a taɓa gas: a mayar da robar gefe, a wanke tsakanin kwandensa da lagireto, a gwada kulocin fanka a canza shi idan ya mutu. Idan bayan haka takardar ba ta mannewa a gefuna, a ƙara fankar lantarki a gaban kwandensa wadda za ta tashi tare da kwamfaresa. Sannan a janye gas ɗin da injin janyewa, kada a sake shi a iska. Ƙasashe da yawa sun hana hakan a doka, kuma dalilin da ya sa aka daina R12 tun farko, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, shi ne ɓarnar da yake yi wa sararin samaniya. Injin janyewa zai kuma nuna maka nauyin abin da ya fito.

Bayan wanki, a canza dukkan zobban roba da koraye irin HNBR, a shafa musu mai kafin a ɗaure. Tsofaffin tiyo da ba su tsage ba sukan riƙe R134a daidai gwargwado, amma duk wanda ka ga jikinsa ya jiƙe da mai ko ya kumbura kusa da maɗauri a canza shi da mai shinge a ciki. Diraya ita ce ta ƙarshe da za a buɗe daga ledarta a ɗaura, kuma kwalbar mai ta kasance a rufe har sai lokacin zubawa, domin esta da PAG duk suna shan danshin iska da sauri. A gwada yoyo da naitirojin, kada a yi da iskar kwamfaresar gareji, saboda tana shigar da ruwa, kuma gaurayen iska da R134a a ƙarƙashin matsi yana iya kama wuta. A tabbatar makunnin yanke matsin sama yana aiki.

A bar famfon zuƙe iska ya yi aƙalla minti 45, a tsari mai dogayen tiyo ma awa ɗaya ta fi, har ma'aunin zuƙe iska ya sauka zuwa maikuron 500 idan akwai shi. A rufe bawul ɗin geji a jira minti goma sha biyar a ga ko allura za ta motsa. Kafin a buɗe gas, a fitar da iskar da ke cikin tiyon tsakiya na geji, wanda nan ne iska ke shiga a duk lokacin da aka canza gwangwani, kuma an ɗaura maka har gwangwani shida. Idan inji yana aiki, ta ɓangaren ƙasa kawai ake cikawa, bawul ɗin sama a rufe, domin matsin sama na iya fasa gwangwani a hannun mutum, kuma a sa tabarau da safar hannu tunda ruwan R134a yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili.

A ɗora silinda a kan sikeli a zuba kilo 1.45, a tsaya. A riƙe inji a kusan juyi 1,500 a minti, fankar ciki a sama, a jira minti goma allurai su natsu. Daga nan a ƙara giram 50 a lokaci guda, ana jira bayan kowace ƙari, muddin zafin tagar yana sauka. Da zarar ya daina sauka kuma matsin sama ya fara hawa, an kai, kuma kada a wuce kilo 1.62. A rubuta nauyin gas da irin man da adadinsa a sabuwar takarda a manna kusa da tsohuwar. Idan an gama, ka kawo mana zafin waje, matsin ɓangarorin biyu a silo da a juyi 1,500, zafin tagar gaba, da zafin bututun da ke fita daga kwandensa, domin da waɗannan ne za mu san ko tsohuwar kwandensar ta isa ko sai an canza ta.